Motar da Yaya Ya Bari Babu Mai a Cikinta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ina roƙon a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma na sauya su. Na san a cikinku akwai direbobi da masu gyaran mota, akwai kuma malamai, dukanku nake nema. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna, domin tambayar tawa a kan man mota ta fara, ba a nan ta tsaya ba.

Ina zaune a tsakar gida a Damagaram da hantsi, ina yanka kuɓewa zan shanya, sai waya ta yi ƙara. Lawali ne, ɗan yayana, daga Gure. Ya yi mini gaisuwa mai tsawo irin wadda bai saba ba, har ya tambaye ni ciwon ƙafata, sannan ya ce, "Gwaggo, sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati, na tambaye shi ko ciwo ya yi, ya ce a'a, yana wajen mota ne abin ya same shi. Na ajiye wayar na ƙarasa yanka kuɓewar, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ban yi kuka ba sai a cikin motar haya, da muka zo wajen Gidimuni, kuma ko a nan ɗin ban tabbata wa nake yi wa kukan ba.

Sai na koma baya kafin ku gane abin da ya sa kalmar mota ta rufe mini baki.

Mu ba 'yan asalin Gure ba ne. Babanmu mutumin Adar ne, ma'aikacin gidan likita, aka turo shi Gure muna ƙanana, ni da yayana Isa, mu biyu ke nan gare shi. Mutanen gari Majo suke ce masa. A farkon shekarun saba'in ya sayi wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai bodi a baya da rufin tamfol, a hannun wani Bature mai aikin rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Tun a lokacin ta tsufa. Baba bai iya tuƙi ba, Yaya Isa ne ya koya a wajen masu kamiyo, manyan motocin kaya, don haka motar ta zama a hannunsa. Ba ta fita sai da dalili, ranar salla, ko ta'aziyya a Gamu, ko wani lokaci kasuwar Bune. Sauran kwanakin tana ƙarƙashin rumfar zana, an lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi, har ƙafafunta an kare su daga rana.

Gidanmu gidan ajiya ne, wannan sai na faɗa don in yi wa Yaya adalci. Baba idan ya sami sabon yadi sai ya sa a akwati har ninkin ya yi ja. Kan sukari yana iya shekara a kan kabad yana jiran baƙo mai daraja. Sabuwar fitila tana cikin kwalinta, mu muna karatu da tsohuwa mai hayaƙi. Duk abin da ka tambaya, amsar ɗaya ce, sai babbar rana. Haka muka tashi, kuma Yaya ya fi Baba riƙe wannan hali.

Bayan na sami sartifika, takardar gama firamare, na yi aure. Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Bune, mutumin Tasawa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, Mushe nake ce masa kamar yadda yaran ajinsa suke faɗa, kuma haka zan kira shi a nan. Ni na zaɓe shi, babu wanda ya zaɓa mini. Mutum ne mai barkwanci, kuma shi da Yaya akwai wasa tsakaninsu. Duk lokacin da muka zo Gure sai ya tsaya a bakin rumfar ya ce, "Isa, wannan mota ce ko amarya? Kullum a lulluɓe, ba a ganin fuskarta sai an saya." Yaya ya ce masa, "Kai da ko keke ba ka da shi, Mushe, ka bar manya su huta."

Wani hutun lakwal, bayan shekarun farin nan da dabbobi suka ƙare, Mushe ya je Damagaram, ya dawo da tsaraba wa Baba. Bidon man mota ne na gwangwani, sabo, a rufe, da filtir, wato matatar man, a cikin kwalinta. Dalili kuwa, ya taɓa zaro sandar awon man motar ya ga man baƙi ƙirin, ya tsinke, yana warin isansi, wato fetur, kuma idan ka murza shi a yatsa kana jin rairayi. Ya ce mai kantin ya gaya masa mai yana lalacewa a zaune, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Ya ce wa Yaya ko man shanu ne ka ajiye a ɗaki ba ka taɓa ba, ai ka san yadda yake komawa.

Yaya bai yarda ba. Shi a wajen masu kamiyo ya koya, kuma su da kilomita suke yin bidanji, wato sauya mai. Ya nuna masa kontar motar mai ƙirga kilomita ya ce, "Dubi nan. Man da bai yi tafiya ba, me ya gajiyar da shi?" Idan man ya ragu, sai ya karɓo wanda masu kamiyo suka zubar, ya tace da tsumma ya ƙara. Filtir kuwa wankewa yake da isansi ya mayar. Ya karɓi tsarabar ya yi godiya sosai, ya goge bidon da hannun rigarsa, ya ɗora a kan kabad ɗin Baba kusa da kan sukari, ya ce wannan sai ranar babbar tafiya. Ina tankaɗe a bakin ƙofa na ji Mushe yana dariya yana cewa, "To Allah ya sa babbar tafiyar ta aiko mana da manzo kafin ta zo." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da sanƙarau. Mushe ya kwanta a Bune da ciwon kai, wuyansa ya sandare. Ina goye da 'yarmu Hadiza, ba ta fara tafiya ba. Aka taimaka mana muka hau wata kamiyon kanwa zuwa Gure. Baba ya duba shi, ya yi masa allura, ya ja ni gefe ya ce maganin da ake bukata ya ƙare a wurinsu, sai an kai shi Damagaram a ranar. Motar gidan likita ta tafi Alakos aikin rigakafi. Saura bashe.

Na ga Yaya ya shiga ɗakin Baba ya sauko da bidon, ya tsaya da shi a hannu a tsakar gida yana duban motar. Bidanji yana son lokaci, sai an ɗumama moter, wato injin, an kwance, an jira ya tsiyaye. Baba ya ce masa babu wannan lokacin, ku tafi. Sai ya sa bidon da filtir a bayan motar, wajen ƙafafun Mushe, inda muka shimfiɗa masa katifa. Babbar tafiyar ta zo, kuma ba ta aiko da kowa ba.

Ba zan tsawaita a nan ba. Rana ta yi zafi, wurare da yawa rairayi ne, motar tana nishi. Kafin Gidimuni na fara jin wani bugu a gaba kamar ana daka a ƙaramin turmi, sai ta yi tsit ta tsaya. Yaya ya buɗe gaba, hayaƙi ya tashi. Ya zagayo baya, bai dube ni ba, ya zaro bidon daga wajen ƙafafun Mushe, ya huda shi, ya juye. Na ga man yana zuba, rawaya, mai tsabta kamar zuma, a cikin moter da ya riga ya ƙone. Ya yi ta murza makulli. Muka sauke Mushe muka kwantar da shi a inuwar wata aduwa. Sau ɗaya ya buɗe ido ya ce, "Mun iso?" Na ce saura kaɗan. Kafin la'asar ya cika. Mutanen wani ƙauye da ban san su ba ne suka yi masa wanka suka rufe shi, Allah ya saka musu. Daga baya an gyara hanya, an kauce wa wurin, yanzu ko kabarin ba zan iya nunawa ba.

Na yi imani da ƙaddara, kada wani ya ɗauka ban yi ba. Baba da kansa ya ce sanƙarau irin wannan, ko mun isa, ba lallai ya tashi ba. Na yarda. Amma ba mu isa ba, kuma na san dalili. Bayan na fita takaba na sami Yaya na ce abu ɗaya nake so, ya faɗa da bakinsa cewa da ya zuba man tun ranar da aka kawo shi, da motar ba ta tsaya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne ya ƙaddara, kuma tsohuwar mota ko da sabon mai tana iya tsayawa. Na gaya masa maganganu masu zafi, na ce ya fi tausayin gwangwani a kan mutum. Ya ce in ji tsoron Allah. Baba ya shiga tsakani ya ce kada ya sake jin wannan magana a gidansa. Bai sake ji ba. Na ɗauki Hadiza na koma Damagaram, na sami aikin ɗinki, daga baya na sake aure, wannan mijin ma ya riga mu gidan gaskiya.

Ban yanke zumunci ba, domin na san hukuncinsa. Ina gaishe shi da salla, na je sunan 'ya'yansa, na je rasuwar Baba. Amma ban sake zama da shi mu biyu a ɗaki ɗaya ba. Yana aiko mini da dabino da cuku duk shekara, ina karɓa, ina raba wa maƙwabta.

Abin da ya yi da motar, matarsa Yagana ce take ba ni labari, ko ban tambaya ba. Ya sa aka jawo ta, ya yi ta aiki a wajen masu kamiyo har ya tara abin da ya sake mata moter. Daga nan ya koma yin bidanji sau biyu a shekara, kafin bazara da bayan damina, ko ta motsa ko ba ta motsa ba, da sabuwar filtir kowane karo. Har mutanen gari suka sa masa suna Isa Bidanji. Makiyayan Alakos suna zuwa karɓar tsohon man don su shafa wa raƙuma masu ƙazuwa, suna yi masa tsiya cewa, "Malam Isa, man nan naka bai nuna ba, ka bar shi ya yi baƙi mana, raƙuman ma sun raina shi." Motar kuwa ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa, marar lafiya kawai take ɗauka, kuma ba ya karɓar ko sisi. Mata masu naƙuda daga Gamu da yawa a bayanta aka kawo su. Da ambilans suka yawaita, babura suka cika gari, aka daina nemanta. Duk da haka kowace Juma'a bayan masallaci sai ya tayar da ita, ya zagaya har bakin tudun rairayi ya dawo. Yagana ta ce mini akwai lokacin da suka ci tuwo da miya babu mai, amma motar ba ta taɓa rasa nata ba.

Duk wanda ya ji wannan sai ya ce Allah sarki, bawan Allah. Ni kuwa in na ji sai zuciyata ta ƙara ɗaci, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Abin da nake gani shi ne ya san gaskiya sarai, tun daga ƙarƙashin aduwar nan ya sani. Shekara da shekaru yana ba ƙarfe haƙuri, ni da nake da kunne bai ba ni ba. Kalma ɗaya na roƙa. Ya gwammace ya kwanta a ƙarƙashin mota har tsufa ya tanƙwara shi da ya faɗe ta.

A wajen zaman makoki, da liman ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, na ce na yafe tare da jama'a. Bakina ne ya faɗa. Da mutane suka ragu, Yagana ta kama hannuna ta ce, "Zo ki ga inda ya tsaya." Ta kai ni rumfar. Motar tana nan, fentinta ya koɗe, amma babu ƙura a jikinta. An tokare murfin gaba da sanda. A ƙarƙashinta akwai kwano, da tsohon man a ciki, ko baƙi bai gama yi ba. Bushon da ake toshe ƙasan moter da shi yana kan kujerar direba, an naɗe shi a tsumma. Ta ce da safe ya kwance, ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana jira ya gama tsiyayewa, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin ta kawo ruwa ya tafi.

Na duba ko'ina ban ga sabon mai ba, na tambaye ta ina yake. Ta ce babu. Ta ce tun daga wancan abin bai sake barin bidon mai a rufe ya kwana a gidan ba. Sai ya zubar da tsohon tukuna, sannan ya taka zuwa kasuwa ya sayo sabo, ya zuba a ranar. Wannan karon bai kai ga zuwa kasuwar ba. Sannan ta ce ya daɗe da faɗa a gabanta da gaban Lawali cewa motar tawa ce bayan ransa, in na ga dama in zuba mata mai, in na ga dama in sa a sare ta. Na ce bai ƙara da komai ba? Yagana mace ce mai gaskiya. Ta yi tunani, na ga tana so ta samo mini wani abu, sannan ta ce a'a, iyakar abin da ya ce ke nan.

Yanzu ga inda nake. Lawali yana son wurin rumfar zai yi ɗaki, iyalinsa sun yi yawa, kuma masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun zo sun duba. Bai yi mini rashin kunya ba, ya ce, "Gwaggo, ke ke da magana, amma moter ba ya zama babu mai, tsatsa za ta shige shi. Ki yanke kafin sadakar arba'in." Idan na ce a bar ta, zai matsar da ita gefe ya riƙa tayar da ita ranar Juma'a, amma ya ce shi bai san kan manta ba, Babansa bai taɓa barin kowa ya sa hannu ba. Mai kantin da Yaya yake saye a wurinsa ma ya ce irin na da ya ɓace, shekarun nan abin da ya samu yake ba shi, kuma kullum sai sun yi gardama. Hadiza kuwa, wadda yanzu ita ma tana da jikoki, ta ce in bari a sare ta, ita ba ta san fuskar ubanta ba saboda motar nan, ba ta ga dalilin da za a ci gaba da ciyar da ita ba. Mun yi musu har ta kashe waya.

Makon jiya na ɗauki tsohuwar filtir ɗin da Yaya ya kwance, wadda na taho da ita daga Gure, na je layin masu kayan mota a nan Damagaram, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Wani ya ce tsohon moter mai mai kauri yake so, irin wanda suke kira karant. Wani ya ce in ɗauki ven-senkant, shi ne daidai da zafinmu. Wani ya ce santetik ya fi jure zama, na kusa da shi ya ce kul, zai riƙa yoyo ta tsofaffin robobi. Filtir kuwa sun ce irin tata an daina, suka kawo mini guda biyu masu kama da ita, ɗaya da nauyi ɗaya sakayau, kowa yana rantsuwa a kan tasa. A kanti na ƙarshe mai kantin ya ce, "Hajiya, kilomita nawa take yi a wata?" Na ce ba ta yin komai, zagaye ɗaya ne ranar Juma'a. Ya yi dariya ya ce, "To ai wannan ba ta bukatar bidanji, man da bai yi tafiya ba me zai same shi?" Na mayar da filtir ɗin cikin jaka na fito. Sai da na zauna a kan wani benci a bakin hanya na ɗan jima kafin in kama hanyar gida.

To masu gyaran mota, ku nake fara tambaya. Tsohon moter da yake zaune kusan duk shekara a cikin zafi da rairayi irin na Gure, wane mai ya dace da shi? Filtir ɗin da ba tasa ta asali ba, ta yaya zan gane wadda ba za ta cuce shi ba? Kuma tunda ya yi makonni babu mai a cikinsa, akwai abin da za a yi kafin a murza makulli, ko ya riga ya lalace?

Malamai da waɗanda suka taɓa rasa wani ta hannun nasu, ku ma ku amsa mini. Wanda bai nemi gafara da baki ba har ya mutu, amma ya yi abin da Yaya ya yi, ya nema ko bai nema ba? Idan na zuba man nan, na san a raina cewa na karɓi haƙurinsa ke nan, kuma ban tabbata na shirya ba, ba na so in yi wa mamaci ƙarya sau biyu. Idan kuma na ce a sare ta, ina tsoron in sare iyakar haƙurin da ya iya bayarwa, kuma babu wani da zai zo bayansa. Me zan ce wa Lawali?

Arba'in ta matso. Na ce kada kowa ya taɓa komai sai na zo. Kwanon yana nan a ƙarƙashinta, bushon yana kan kujera a cikin tsummansa. Ya zubar da tsohon, bai zuba sabo ba.